Haske Mai Tona Asirin Jabu: Daga Jikin Kunama Zuwa Faifan Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ko ya tsaya gaban masu shaguna a bakin titin Samaru, ya san abin da ɗan kasuwa kan yi idan aka miƙa masa takardar Naira 1,000 da bai yarda da ita ba. Zai murza ta da yatsu, ya ɗaga ta sama ya dube ta cikin hasken rana, sa'an nan ya karkata ta hagu da dama kafin ya sa ta a aljihu. Ko ya sani ko bai sani ba, gwajin kimiyya yake yi, domin takardar na ɗauke da wasu sinadarai da aka tsara musamman don su amsa wa haske ta hanyar da na'urar ɗan jabu ba za ta iya kwaikwayo cikin sauƙi ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan irin waɗannan sinadarai: yadda suke aiki, yadda ake tsare kuɗi da magani da su, da kuma yadda masana ke son mayar da su allon da za a riƙa rubuta bayanai a kai, a wanke, a sake rubutawa. Mai karatu zai ga cewa yawancin dabarun nan sun daɗe a jikin halittun da ke kewaye da mu, tun kafin ɗan Adam ya gina ɗakin gwajinsa na farko.

Girman Matsalar

Jabu ba a kuɗi kaɗai ya tsaya ba. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko kuma marasa inganci. A lokacin annobar sanƙarau ta 1995 a Jamhuriyar Nijar, mutane fiye da 50,000 aka yi wa allurar rigakafi ta jabu, kuma hukumar ta danganta mutuwar kimanin mutum 2,500 da wannan ta'asa. Manomi ma bai tsira ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kan kwashe shekaru kafin ta fitar da ingantaccen irin masara ko wake, amma wani maha'inci na iya rina hatsin kasuwa, ya ƙulla shi cikin leda mai kyan gani, ya sayar da shi da sunan ingantaccen iri. Manomin ba zai gane ba sai damina ta yi nisa, lokacin da babu sauran gyara.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta ɓullo da tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a aika ta wayar hannu tun daga 2010. Tsarin ya taimaka, sai dai yana bukatar waya da layin sadarwa da iya karatu. Alamar da ke amsa wa haske kuwa ido kawai take bukata, wani lokaci da ɗan ƙaramin fitila.

Haske da Zangonsa

Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa "a kan mita 49 gajeren zango". Haske ma dangin igiyar rediyo ne, illa dai zangonsa ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700: shunayya da shuɗi a gajeren ɓangare, kore da rawaya a tsakiya, ja a dogon ɓangare. Ƙasa da 400 akwai hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani amma ya fi wanda ake gani ƙarfi. Idan haske ya faɗa kan wani abu, ɗayan abubuwa uku masu muhimmanci ga batunmu na iya faruwa, kuma za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na Farko: Ƙyalli

Wasu sinadarai kan haɗiye hasken da ido ba ya gani, su amayo shi da launin da ake gani. Masanin nan George Stokes shi ne ya yi cikakken bayanin wannan a 1852, kuma cikin abubuwan da ya yi gwaji da su har da ruwan kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda kan yi shuɗin ƙyalli a ƙarƙashin ultrabayolet.

Ga masanin halittu, babu misalin da ya kai kunama. Idan aka haska ta da fitilar ultrabayolet cikin dare, sai ta ɗauki wani launi tsakanin kore da shuɗi, tana walƙiya kamar an shafe ta da fenti. Da haka masu bincike ke farautarta don nazari. Haka nan koren sinadarin ganye, idan aka tatse shi cikin kwalba aka haska, ja yake fitarwa. Wani misalin da ya shafi manoman gyaɗa da masara kai tsaye shi ne gubar aflatoksin, wadda fumfunar Aspergillus flavus ke zubawa a cikin amfanin gona. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin ƙuliƙulin gyaɗa mai guba. Masana sun raba ta gida biyu, B da G, daga haruffan farko na shuɗi da kore a Ingilishi, saboda launin ƙyallin da kowace ke bayarwa a ƙarƙashin fitila.

Wannan dabara ce ke cikin akwatin nan mai shuɗin haske da ake gani a gaban ma'aikatan banki. Bisa bayanin Babban Bankin Nijeriya, lambar da ke jikin takardar Naira baƙa ce a ido, amma takan koma koriya a ƙarƙashin ultrabayolet. Akwai kuma wata shaida ta biyu. Farar takarda ta yau da kullum tana ɗauke da sinadarin ƙara fari, irin wanda ake sa wa garin sabulun wanki, don haka takan yi shuɗin haske gaba ɗayanta. Takardar kuɗi ta auduga ba a sa mata wannan sinadari, saboda haka sai ta zauna shiru, alamomin da aka ɓoye kawai su fito. Idan mai karatu ya ga takardar kuɗi tana haske tun daga wannan gefe har wancan, to ya yi hattara, ko da yake takardar gaske da aka manta a aljihu aka wanke ta da garin sabulu ita ma tana iya yin haka.

Na Biyu: Launin da Siffa ke Haifarwa

A dubi wuyan tantabara yayin da take juya kai: yanzu kore, an jima shunayya. Babu koren rini a gashin. Abin da ke akwai shi ne wasu siraran shimfiɗu waɗanda kaurinsu ya yi kusa da zangon haske. Hasken da ya dawo daga saman shimfiɗa da wanda ya dawo daga ƙasanta sukan haɗu, wasu launuka su ƙarfafa juna, wasu su kashe juna. Da an sauya kusurwar kallo, sai tafiyar hasken cikin shimfiɗar ta sauya, launin da ya tsira shi ma ya sauya. Haka abin yake a jelar ɗawisu, da fiffiken wasu malam-buɗe-littafi, da ɗigon man fetur a kan ruwan kwata. Ita kanta hawainiya, masana a Jami'ar Janeba sun nuna a 2015 cewa wani nau'inta na Madagaska yana rikiɗa ne ta hanyar matse ko sassauta tazarar wasu ƙananan lu'ulu'u da ke cikin fatarsa.

Masu buga kuɗi sun kwaikwayi wannan, suka haɗa tawada mai ɗauke da ɓarɓashi wanda kowane guda shimfiɗu ne a kan shimfiɗu. Ƙasar Tailan ce ta fara sa irin wannan tawada a kuɗinta a 1987, Amurka ta sa ta a takardar dala 100 a 1996. A takardar Naira 1,000 da aka fitar a watan Oktoba na 2005, mai hoton Alhaji Aliyu Mai-Bornu da Dokta Clement Isong, akwai alwatika da ke sauyawa daga kore zuwa shuɗi idan an karkata ta. Ɗan'uwan wannan dabara shi ne hologiram, wanda Dennis Gabor ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma sami lambar Nobel a kansa a 1971. Na'urar fotokofi launi ɗaya take iya ɗauka daga kusurwa ɗaya, saboda haka kwafin da ta fitar ba ya motsi komai karkatawa.

Na Uku: Sinadarin da ke Rikiɗa ya Tuna

A nan ne batun ya fi zurfi. Akwai ƙwayoyin sinadari waɗanda idan haske ya taɓa su sai siffarsu ta sauya, launinsu ya sauya tare da ita, kuma su zauna a haka har sai wani haske dabam, ko zafi, ya mayar da su yadda suke. Masu tabarau ɗin nan da ke yin duhu a rana ya washe a inuwa suna ɗauke da misalin a fuskarsu. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fara yin irin gilashin a shekarun 1960, ta hanyar zuba ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa a cikinsa.

Amma tun kafin tabarau, idon da ke bayansa yana wannan aiki. A tantanin gani na bayan ido akwai wani furotin, rodofsin, wanda ke riƙe da 'yar ƙwayar sinadari mai suna retinal. Jiki yana samar da ita daga bitamin A na manja da karas da hanta da ganyen zogale. A cikin duhu ƙwayar a tanƙware take kamar lauje. Da haske ya same ta sai ta miƙe, kuma wannan miƙewa ce mafarin saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Daga nan sai jiki ya sake tanƙwara ta don ta yi aiki a karo na gaba. Shi ya sa wanda ya fito daga hasken rana ya shiga zaure mai duhu kan ɗauki lokaci kafin ya gane na zaune, kuma shi ya sa ƙarancin bitamin A ke jawo dundumi. George Wald ya sami Nobel a 1967 saboda bayanin wannan tsari.

Tsirrai ma suna da nasu makunnin, mai suna fitokurom. A 1952 masana a Beltsville ta Amurka, ƙarƙashin Harry Borthwick da Sterling Hendricks, sun haska irin latas da jan haske mai zangon nanomita 660, sai ya tsiro. Da suka bi bayan jan da wani haske mai zangon 730, sai ya ƙi tsirowa. Suka yi ta maimaitawa, wannan bayan wancan, kuma kullum irin yana bin umarnin hasken da ya zo ƙarshe. Ke nan ƙwayar iri tana riƙe da labari, ana share shi, ana sake rubuta wani. Wannan makunni yana cikin kayan da tsiro ke auna tsawon dare da su. A nan Samaru, D. L. Curtis ya wallafa bincike a 1968 da ya nuna cewa dawar gargajiya ta kowane yanki na Nijeriya tana fid da kai ne daidai da lokacin ɗaukewar ruwan yankin. Manomin farafara da kaura ya san ko ya yi shuka da wuri ko ya makara, dawar za ta jira lokacinta. Kalandar da take dubawa tsawon dare ne.

Daga Tafkin Gishiri Zuwa Tawada

A cikin ruwan da gishirinsa ya kai matuƙa akwai wata ƙaramar halitta, Halobacterium salinarum. Ita da danginta suna cikin abubuwan da ke sa wasu tafkunan gishiri su yi ja. A 1971 Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano cewa a tantanin jikinta akwai wani furotin mai launin shunayya, ɗauke da retinal kamar na idonmu, suka kira shi bakteriyorodofsin. Idan haske mai zango wajen 570 ya taɓa shi, sai ya koma rawaya, ya tura ƙwayar lantarki ɗaya waje don halittar ta sami kuzari, ya dawo shunayya da kansa cikin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Yana iya maimaita wannan fiye da sau miliyan bai lalace ba, kuma idan aka busar da shi a matsayin shimfiɗa yana jure zafin da ya zarce na tafasasshen ruwa.

Masana ba su bar wannan dama ta wuce ba. Norbert Hampp na Jami'ar Marburg a Jamus ya haɗa tawada da furotin ɗin bayan an ɗan sauya ƙwayar gadonsa don ya daɗe a launin rawaya. Takardar da aka buga da ita shunayya ce a inuwa, ta koma rawaya a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Idan aka ɗora ta a kan na'urar fotokofi, hasken na'urar da kansa zai sauya launin, kwafin ya fito dabam da asali, kuma ba zai taɓa rikiɗa ba. Shi kuma Robert Birge a Amurka ya kwashe shekaru yana gwada adana bayanan kwamfuta a cikin dunƙulen wannan furotin.

Allon da Ake Wankewa da Haske

Kwamfuta da haruffa biyu kawai take rubutu, sifili da ɗaya. Duk abin da ke da hali biyu da za a iya bambancewa, kuma a iya juya shi daga wannan zuwa wancan, ya isa ya zama ma'ajiyar bayanai. Bambancin takarda da allo ke nan: abin da aka rubuta a takarda ya zauna, na allo kuwa almajiri kan wanke ya rubuta sabo. Yehuda Hirshberg na Cibiyar Weizmann ya kawo shawara tun 1956 cewa a yi irin wannan allo da sinadarai masu rikiɗa.

Abin da ya fara isowa kasuwa ya bi wata hanya kaɗan dabam. Faifan CD ya fito a 1982, kuma a 1997 aka fitar da CD-RW, wanda ake sharewa a sake ɗauka. A cikinsa akwai siririyar shimfiɗa ta haɗin ƙarafa huɗu, ciki har da azurfa. Hasken leza mai ƙarfi kan narkar da ɗan ɗigo a zafin da ya haura digiri 500, ɗigon ya daskare a hargitse, ya daina mayar da haske sosai. Leza mai matsakaicin ƙarfi kuwa kan ɗumama shi kawai, zarrarsa su koma cikin sahu, ya sake sheƙi. Ana iya yin haka kimanin sau 1,000. Yawan abin da faifai ke ɗauka ya danganta da gajartar zangon lezar: CD na amfani da nanomita 780 yana ɗaukar megabait 700, DVD da 650 yana ɗaukar gigabait 4.7, Blu-ray da 405 yana ɗaukar gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya. Waɗanda suka ga zamanin da faya-fayan finafinan Hausa suka cika rumfunan Sabon Gari sun riƙe dangin wannan fasaha a hannunsu.

Sai dai a faifai zafin leza ne ke aikin. Burin masana shi ne haske ya yi magana da ƙwayar sinadari kai tsaye, domin ɗigon rubutu ya ƙanƙance ƙwarai. A 1988 Masahiro Irie na Japan ya fito da wani rukunin sinadarai, dayariletin, waɗanda ultrabayolet ke ba su launi, hasken da ake gani ya share, zafin ɗaki bai taɓa su, kuma wasunsu kan jure juyi fiye da 10,000. Masana halittu su ma sun zo da nasu. Osamu Shimomura ya gano wani furotin mai koren ƙyalli a 1962 a jikin wata halittar teku mai siffar laima. A 2011 ƙungiyar Stefan Hell a Göttingen ta Jamus ta gyara shi yadda haske ɗaya zai kunna shi wani ya kashe, suka rubuta tatsuniyoyin Grimm guda 25 a kan fili ɗaya da faɗinsa bai kai kaurin gashi ba, suna rubutawa, suna karantawa, suna sharewa, kashi bayan kashi.

Cikas

To me ya hana a ga irin waɗannan ma'ajiyoyi a shago? Dalilai uku ne manya. Na farko, hasken da za a karanta rubutu da shi yakan zama shi ne mai share shi, kamar allon da kallo kaɗai ke goge shi a hankali. Na biyu, gajiya: a kowane juyi wasu ƙwayoyi kan lalace, har launin ya dushe. Na uku, zafi, wanda ke mayar da sinadarai da yawa halinsu na farko ba da izini ba. Abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai yana iya kasa jure rumfar kwano a watan Afrilu. Bugu da ƙari, ma'ajiyar lantarki irin ta cikin wayar hannu ta yi arha har ta kori faifai daga yawancin kasuwanni.

A fagen yaƙi da jabu kuwa waɗannan sinadarai sun fi samun gindin zama, domin ba a bukatar su riƙe labari na shekaru, su dai rikiɗa a gaban mai saye. Amma idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tawadar ƙyalli ta zama abin saye a kasuwa, hologiram ma ana kwaikwayonsa. Saboda haka binciken yanzu ya karkata ga alamomi masu hawa-hawa: launi ɗaya a rana, wani a ƙarƙashin ultrabayolet, wani kuma da ke bayyana ya ɓace cikin ƙayyadaddun daƙiƙoƙi bayan an kashe fitila.

Rabonmu a Wannan Fage

Akwai ƙofofi biyu da suka dace da mu. Ta farko ita ce baba, shukar da marina irin na Ƙofar Mata a Kano suka dogara da ita tun ƙarnoni. Shuni ya yi suna ne saboda ba ya kula rana: da ya haɗiyi haske sai ya mayar da shi zafi nan take, siffarsa ba ta motsa ba. Amma 'yan'uwansa da aka ɗan sauya musu gini suna rikiɗa, kuma a 2017 ƙungiyar Stefan Hecht a Balin ta nuna cewa idan aka maƙala wasu rassa a jikin ƙwayar shuni, jan haske na iya juya ta. Ƙofa ta biyu ita ce ƙananan halittun ruwan gishiri. Maɓuɓɓugan gishiri na Keana da Awe a Jihar Nasarawa, da wuraren haƙar gishiri da kanwa na Bilma da ƙasar Manga, wurare ne da ya kamata ɗalibanmu su ɗebo ruwa su bincika abin da ke rayuwa a ciki.

Zariya ba ta rasa kayan aiki ba. Ga sassan nazarin halittu da sinadarai da haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa a Basawa, ga Cibiyar Fasahar Fata a Samaru, wadda rini yana cikin sana'arta. Ko aiki mai sauƙi kamar auna yadda alamomin tsaro ke jure zafi da ƙurar hunturu da gumin hannu a yanayinmu, gudummawa ce da ta fi dacewa a yi ta a nan.

Kammalawa

Kafin binciken ya kai ga gaci, akwai abin da kowa zai iya yi. A shafa takardar kuɗi a ji kaushin rubutunta. A ɗaga ta ga haske a ga hoton da ke cikin jikinta, a kuma tabbata zaren tsaro ya haɗe daga sama har ƙasa. A karkata ta a ga ko launi ya motsa. Mai shagon da ke karɓar kuɗi da yawa ya nemi 'yar fitilar ultrabayolet, ya kiyaye kada ya haska ta a ido. Mai sayen magani ya kankare lamba ya aika tun yana gaban kanti, manomi kuma ya sayi iri daga dillalin da aka yi wa rajista. Alamar tsaro komai tsadarta ba ta da amfani idan mai saye bai san da ita ba, don haka wajibi ne wanda ya sani ya sanar da wanda bai sani ba.